Tauraron Bakin Ƙofa

Allah ya yi wa layinmu baiwa iri-iri, amma babu kamar Tauraro. Wasu unguwanni suna taƙama da likita, wasu da ɗan ƙwallo. Mu kuwa an ajiye mana mutumin da ya koya wa jama'a dariya. Kafin bayyanarsa, in ji shi, mutane murmushi kawai suka iya. Ba mu da dalilin musu, domin da bakinsa ya faɗa mana, kuma ya yi shekara talatin yana maimaitawa don kada mu manta.

Duk wanda ya haura arba'in ya san tsohon shirin talabijin ɗin nan, Gwauraye Uku. Samari uku ne suke zaman haya tare a hawa na biyu na wani bene. Akwai malamin makaranta, mai rubuta sunansa a jikin kowane ƙwai kafin ya sa a firiji. Akwai direban tasi, mai soye ƙwan ya mayar masa da ɓawon, sunan yana nan daram. Sai wani mawaƙi da ake kira Dogo, wanda ba a taɓa jin waƙarsa ba, ya zo kwana biyu ya shekara shida a kan koriyar kujerar falo. Ranar da ake nuna shirin, titi yakan yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Mata su bar tukunya ta ƙone, maza su rufe shago da wuri.

To, a cikin wannan shiri Tauraro ya fito. Wane ne shi a ciki? Wannan tambaya ce ta marasa tarbiyya. In ka yi ta, sai ya dube ka ta saman tabarau, ya girgiza kai don tausayinka, ya ce, “Ɗana, ana tambayar gishiri wane ne shi a miya?”

Tabaran nan baƙi ne wuluk, kuma ba ya cire shi ko a cikin ɗaki. Ya ce don kada masoya su gane shi su tare hanya yake sawa. Shekara talatin ba wanda ya taɓa tare shi, abin da ya tabbatar masa da ingancin tabaran. Kwat ɗinsa mai ruwan toka kullum a goge, tafiyarsa a hankali, kamar mai jiran kyamara ta biyo shi. A falonsa akwai kabad ɗin gilashi da matarsa ta saya don tangaran. Tangaran suna cikin kwali a ƙarƙashin gado. A kabad ɗin kuwa wata shuɗiyar hula ce zaune ita kaɗai, irin ta masu raba wasiƙa, yana kakkaɓe mata ƙura duk safiya.

Majalisarsa shagon mai aski. Nan yake zama a kujerar da ke fuskantar madubi, ko da aski bai kama shi ba, yana ba wa masu jiran layi ilimi kyauta.

“Ku yaran yanzu ba ku san allon talabijin ba,” yakan ce. “Allo mace ce, sai da lallashi. Dogon nan da kuke yabo, ranar da ya fara zuwa ko tsayuwa bai iya ba. Ni na kama kafaɗarsa na ce, yaro, sassauta wuyanka. Barkwancin ƙwan nan kuwa, a bakina darakta ya tsinta muna shan shayi. Ban nemi a rubuta sunana ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo. Mu ginshiƙai haka Allah ya yi mu, a ƙasa muke, gini yana kanmu.”

Daga ranar samarin layi suka ƙara masa suna, Ginshiƙi. Ya karɓa hannu bibbiyu. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Abin da ya daɗa wa labarinsa armashi shi ne, ba mai iya dubawa. Kasakasan bidiyon shirin sun ɓace tuntuni a ɗakin ajiyar gidan talabijin. Tsofaffi suna tuna Dogo, suna tuna ƙwan, amma ba mai iya rantsuwa cewa bai ga Tauraro ba. Inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa, Tauraro kuwa ya kayar da kowa.

Mutum ɗaya ce ta san yadda aka haihu a ragaya, matarsa. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, mai ƙarancin magana. Ta san cewa lokacin da ta aure shi ma'aji ne a gidan talabijin, shi ke riƙe da makullin ɗakin da ake ajiye kujeru da labule da tufafin wasa. Ta san cewa wata rana wanda zai fito a mai kawo wasiƙa bai zo ba, aka duba aka ga hular ta yi wa kan ma'aji daidai. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ta yi shekaru tana jinyar mutane, ta san akwai ciwon da in ka taɓa shi sai ya fi da zafi.

Ana nan sai wata safiya rediyon shagon mai aski ya kawo albishir. Masu gyaran rufin gidan talabijin sun tsinci kasakasan Gwauraye Uku a bayan wani bango, kashi ɗari biyu cif, ba wanda ya lalace. Za a riƙa nuna kashi ɗaya kullum da ƙarfe shida na yamma.

Shago ya kaure da sowa. Mai aski ya ajiye almakashi ya rungume Tauraro. “Baba, ranarka ta zo! Yanzu yaran nan masu raini za su gani da idonsu.”

Tauraro ya yi murmushi, irin na wanda ya taka ƙaya a gaban surukai. Ya ce lalle abin farin ciki ne. Ya ce zai ɗan je gida, ya manta bai sha magani ba.

Ya sami matarsa tana ninke wanki. Ya zauna bakin gado, ya daɗe yana kallon silin, sannan ya ce da ƙaramar murya, wadda ba a san shi da ita a waje ba, “Maman yara, wai sau nawa ma na fito?”

“Uku,” in ji ta. Ta ninke wata riga, ta ƙara da cewa, “Biyu da rabi.”

“Ina ce sun fi haka.”

“Ka faɗa musu da kanka, Maigida, tun kafin talabijin ta faɗa. Za su yi dariya kwana biyu su manta.”

Ya ɗan gyaɗa kai kamar zai ɗauka. Sai idonsa ya faɗa kan hular da ke cikin gilashi, ya miƙe ya gyara kwat. “Ke ba ki san allo ba,” in ji shi. “Ba a ƙirga fitowa, auna ta ake yi.”

Mai aski ya ɗaura talabijin a saman ƙofar shago, ya jera benci a waje. Yammar farko layi ya cika har da masu leƙe ta taga. Aka zaunar da Tauraro a gaba. Malami ya rubuta suna a ƙwai, direba ya soye, Dogo ya yi juyi a kan kujera, aka yi dariya har da hawaye. Aka gama ba Tauraro.

“Babban baƙo ba ya riga masu gida shiga,” in ji shi.

Kashi na goma ya wuce. Ya ce darakta yana dafa zukatan masu kallo ne. A na ashirin ya nuna wani labule da ke motsi a bayan Dogo, ya ce shi ne a tsaye a wurin yana ba da umarni da ido. A na talatin yaran layi suka fara gaishe shi da “Baba, yau ne?” Shi kuma ya amsa da “Mai haƙuri shi kan dafa dutse.” Ya rame kaɗan. Kwalar rigarsa ta fara yi masa yawa.

Ranar kashi na arba'in da ɗaya ya zo da wuri, har da turare. Ana tsakiyar shiri, malami da direba suna rigima a kan wanda ya bar famfo a buɗe, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Dogo ya buɗe. Ga wani siririn saurayi da shuɗiyar hula, idanunsa a zare kamar an haska ɓera da tocila. Ya miƙa ambulan, ya ce, “Akwai wasiƙa.” Dogo ya karɓa, ya tura ƙofa da ƙafa.

Sakan shida. Wani makanike ya duba agogonsa ya shaida.

“Kun gani!” Tauraro ya miƙe tsaye, hannu a sama.

Rabin jama'a ba su san abin da za su gani ba. Mai aski kuwa, wanda ya yi kwana arba'in yana jira, ya sunkuya ɗaukar tsintsiyar aski da ta faɗi, kafin ya ɗago an rufe ƙofa.

Wani ƙaramin mutum da a nan zai nutse. Ginshiƙi kuwa a nan ya fara. Ya juya wa talabijin baya, ya fuskanci taro.

“Kun ji yadda na ce ‘akwai’? Ba ‘akwai’ ta kasuwa ba ce. Kwana uku na yi ina neman ta. A cikinta akwai gajiyar talaka, akwai begen wanda ke nesa da gida. Wasiƙar nan kuwa ta mai gidan haya ce. Ba don na kawo ta ba, da ba su san zai kore su ba, da ba a yi kashi goma na gaba ba. Ku cire ni, shirin ya rushe a kashi na arba'in. Wasu suna buƙatar shekara shida a kan kujera kafin a san da su. Wasu sakan shida ya ishe su.”

Makaniken ya ce, “Amma Baba, kamar hannunka yana rawa.”

“Rawar ta cikin wasa ce. Sai da na koye ta.”

Fitowa ta biyu ta zo a kashi na casa'in, sakan huɗu, kuma wannan karon Dogo ne ya riga shi cewa, “Na sani, akwai wasiƙa.” Ta ukun kuwa, ambulan ne aka ga ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Tauraro ya ce duk mai ido ya ga salon turowar.

Da mutane masu kunya ne mu, da mun bar shi haka. Amma ana cikin wannan sai gidan talabijin ya sanar da cewa zai tara waɗanda suka rage daga cikin 'yan wasan, a yi hira da su a gaban jama'a. Mai aski, wanda har yanzu yana da sauran imani, ya ce, “Baba, ai kai ne a sahun gaba.”

“Suna ta nemana,” in ji Tauraro. “Ban ba su amsa ba tukuna.”

Mako biyu ya yi yana leƙa akwatin wasiƙarsa safe da yamma. Mutumin da ya kai wa duniya wasiƙa, ba wanda ya kawo masa. Daga ƙarshe ya sa kwat ya tafi gidan talabijin da ƙafarsa. Aka kai shi wurin mai shirya taron, wata mata mai fara'a, waya biyu a hannu, biro a bayan kunne. Ta saurari tarihinsa na minti goma cikin ladabi, ta duba takardarta sama da ƙasa, ta ce, “Baba, ka yi haƙuri, ban ga sunanka ba. Amma ga katin shiga guda biyar, na 'yan kallo. Ka zo da iyali.”

A shagon mai aski katin nan ya zama gayyata ta musamman. “Sauran an ba su kujera ɗaya-ɗaya,” in ji shi. “Ni biyar.” Ya zaɓi mai aski da makanike da wani tela su raka shi su zama shaidu. Kati na biyar ya kai wa matarsa.

“Zan zo,” in ji ta. “Amma don Allah, Maigida, inda aka ajiye ka, ka zauna.”

Ranar taro ya fito kamar ango. Sabon laktaye, takalmi yana walƙiya, da wata safa rawaya shar da ya saya musamman, wai don allo yana son launi. Aka kai su layi na bakwai.

An sake gina falon Gwauraye Uku a kan dandamali kamar yadda yake da, ga firiji, ga ƙofa, ga labule. A tsakiya an ajiye koriyar kujerar nan ta asali, wadda aka zaƙulo daga ɗakin ajiya. An kewaye ta da jar igiya, an jingina kwali a jikinta: KADA A ZAUNA. A gefe, a kan kujerun roba, ga malami da Dogo. Direba ya riga mu gidan gaskiya. Dogo ya tsufa, ya ranƙwafa, yana dogara sanda, amma da ya ɗaga gira ɗaya sai zauren ya fashe da dariya kamar da.

Aka yi hira mai daɗi. Dogo ya ce shi bai taɓa ɗaukar kansa gwani ba, barci kawai ya iya, aka yi sa'a ana biyan mai barci. Aka yi wa direba addu'a, wasu suka share hawaye. Sai mai gabatarwa ya ce ko akwai mai tambaya a cikin jama'a.

Kafin ya rufe baki Tauraro ya kai matakala. Matarsa ta kai hannu ta kama gefen kwat, ta damƙi iska.

Dogo ya ƙanƙance ido yana duban mai tahowa. Can sai fuskarsa ta washe, ya buɗe hannuwa.

“Ma'aji! Wallahi ma'aji ne! Kana nan da rai?” Ya juya ga jama'a cikin murna. “Wannan bawan Allah shi ke riƙe mana makullin kaya. Ko cokali ka ɗauka sai ka sa hannu a littafinsa. Akwai ranar da muka sa masa hula ya kawo wasiƙa. Sau goma sha ɗaya aka sake ɗauka, don da ya ga kyamara sai ya ce ‘Akwai kyamara.’”

Zaure ya ɗauka. Dogo ba da mugunta ya faɗa ba, har yana bubbuga kafaɗarsa. A layi na bakwai mai aski ya dubi makanike, makanike ya dubi silin.

Tauraro ya karɓe makirufo daga hannun mai gabatarwa kamar dama nasa ne.

“Na gode wa ƙanena Dogo. Tsufa ya taɓa masa tunani, amma zuciyarsa fara ce. Jama'a, tarihi ba ya ƙarya. Shekara shida ina tsaye a bakin ƙofar can. Ban taɓa ƙetare ta ba. Wasu suna kwance a ciki suna shan tafi, mu muna waje muna ɗauke da shirin a ka. Ban yi ƙorafi ba. Zinariya ko a bola ta faɗa zinariya ce. Amma yau, a gaban duniya, zan zauna inda ya kamata a ce tun farko na zauna.”

Ya ɗaga jar igiyar ya shiga.

Mai shirya taron ta taso da gudu daga gefe. “Baba, kar ka zauna! Gara ta cinye cikinta!”

“'Yata,” in ji shi, “ni na yi shekara goma ina ajiye kujerar nan. Ta san ni.”

Ya juya, ya ɗage wandonsa kaɗan daga gwiwa irin na manya, ya yi wa kyamara murmushi, ya saki jikinsa gaba ɗaya. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Kujera ta yi wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ta buɗe baki ta haɗiye shi. Ƙura ta tashi. Da ta lafa, babu kwat, babu laktaye, babu Ginshiƙi. Ƙafafu biyu ne kawai a sama, sirara kamar muciya, wando ya zame har gwiwa, safa rawaya tana harbin iska. Daga can cikin soso aka ji wata murya a makirufo, wanda bai saki ba har yanzu: “Maman yara! Maman yara!”

Tsofaffin ma'aikatan gidan sun ce tun da aka kafa shi ba a taɓa dariya irin ta ranar ba. Malami ya zame daga kujerarsa. Dogo ya yar da sanda yana riƙe ciki yana cewa a taimake shi zai mutu. Mai kyamara yana dariya, hoton yana rawa. Sai da mai aski da makanike suka kama ƙafa ɗaya-ɗaya, tela ya danne kujerar, sannan aka zaro shi kamar ƙusa. Matarsa ta hau dandamali ba gaggawa, ta duba ƙugunsa da wuyansa irin na aikinta, ta ga ba karaya, ta cire masa soso daga kunne, ta ce, “Mu je gida.”

Kwana huɗu bai fito ba. Ya kwanta yana fuskantar bango, ya ce a gaya wa duk mai sallama ya yi tafiya. Matarsa tana shafa masa man zafi tana ba shi shayi, ba ta ce “na faɗa maka” ba ko sau ɗaya, abin da ya fi masa ciwo. A kwanakin nan gidan talabijin ya yanko wurin faɗuwar ya mai da shi tallar shirin. Kullum kafin labarai sai an nuna ƙafafun nan sau biyu, na biyun a hankali. Wayoyi suka ɗauka. Yara suka riƙa kwanciya a kan tabarma suna harba ƙafa sama suna kiran maman yara.

Mu dai mun ɗauka an gama. Har mun fara jin tausayi. Mai aski ya ce in Baba ya fito kada wanda ya tayar da maganar.

Rana ta biyar sai ga shi, yana ɗan ɗingishi, ya zauna a kujerarsa ta gaban madubi. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce:

“Kun ga yadda ake faɗuwa? Wannan ita ce mafi wuyar fasaha a wasan dariya. Na san da garar. Ni da ita muka shirya. Dogo ya yi shekara shida a kan kujerar nan bai gano abin da ke cikinta ba, ni zama ɗaya na yi. Yanzu ku gaya mini, wa ake nunawa kafin labarai, ni ko shi?”

Wannan kam gaskiya ce. Ya juya ga tela ya ce yana so a rage wa duk wandunansa tsawo da yatsa huɗu. Ya aika aka sayo masa safa rawaya guda shida.

Ranar Asabar ya raka matarsa kasuwa, abin da bai taɓa yi ba. Suna tsaye gaban mai tumatir, wata mata da kwando a hannu ta zo wucewa. Ta dubi fuskarsa, ba ta ga komai ba, ta wuce. Taku biyu sai ta tsaya cak, ta waiwayo, ta dubi ƙasa. Ta saki kwando ta dafe ƙirji.

“Wayyo Allah! Jama'a ku zo ku gani! Baba, don Allah, ba kai ne ƙafafun nan na talabijin ba?”

Tauraro ya gyara laktaye, ya ɗaga haɓa, ya dubi matarsa don ta shaida.

“Ni ne,” in ji shi. “Duka biyun.”